Kwangilar kariya daga gobara a Zango: Wuta ba ta san "ɗanmu ne" ba

A wani masallacin unguwa da ke Maamobi, wanda makarantar Islamiyya ke samansa, akwai jajayen tukwanen kashe gobara guda huɗu rataye a bango. Sun fi shekara uku a nan, kullum muna wuce su kamar yadda muke wuce agogon bango. Ran nan bayan La'asar na tsaya na leƙa allurar ɗaya daga ciki, sai na ga ta faɗi ta kwanta a kan ja, wato iskar da za ta turo hodar ta riga ta tsere. Na duba ta biyu, haka. Ta uku allurarta na kan kore, amma da na ɗaga ta na juya ban ji motsin komai ba, hodar ta daskare kamar siminti. Ta huɗu kuwa an ɗaure ta da waya a jikin ƙusa don kada yara su yi wasa da ita, ko babba sai ya nemo filaya kafin ya kwance ta. A saman wannan bango yara ke karatu safe da yamma. Matakala ɗaya ce tak, tagogin kuma duk an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi.

Ba don in tona asirin kowa nake faɗin wannan ba. Ina cikin kwamitin da ya amince da sayen tukwanen nan, kuma ina zaune a wurin ranar da aka ba da aikin. Sakatare ya kawo takardun farashi uku, kamar yadda aka ce ana yi. Sunayen kamfanonin daban, tambarinsu daban, amma kuskuren rubutu iri ɗaya a layi ɗaya, lambar wayar da ke ƙasan biyu daga cikinsu ma ɗaya ce. Na ce, "Baba, kamar fa hannu ɗaya ne ya rubuta takardun nan." Shugaban kwamiti, dattijo mai mutunci wanda ba a taɓa jin ya ci ko sisin masallaci ba, ya dube ni ya ce, "Ɗana, yaron nan namu ne. A gabanmu ya girma, mahaifinsa a sahun gaba ya yi salla har ya koma ga Allah. In mu ba mu ba shi ba, wa zai ba shi?" Na yi shiru. Aka shafa Fatiha aka tashi.

Bashin wannan shirun nake so in biya yau. Matsayina shi ne, duk kwamitin masallaci, makaranta, ƙungiyar kasuwa ko majalisar ƙaramar hukuma da za ta ɗauki ɗan kwangilar kariya daga gobara a Nima da Maamobi da sauran Zangunanmu, to ta buɗe gasa ta gaskiya, a gaban mutane, bayan ta rubuta abin da take so a saya. Wannan gaɓar ta ƙarshe ita ce muke tsallakewa, kuma ita ce ginshiƙin maganar.

Mutumin Accra, ko Ankara kamar yadda iyayenmu ke kiran garin, ba ya bukatar a yi masa wa'azin gobara. Daren 3 ga Yuni 2015, ambaliya da wuta suka haɗu a gidan mai da ke shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu. A Oktoba 2017 tashar gas ta fashe a Atomic Junction. A Yuli 2021 wuta ta kama a Makola. Daren da ya wayi 2 ga Janairu 2025 Kantamanto ta ƙone, kasuwar gwanjon da dubban mutane ke ci daga gare ta, har da 'yan uwanmu masu rumfuna da 'yan kayaye. A Kumasi, sabuwar kasuwar Kejetia da aka kashe wa maƙudan kuɗi ta kama wuta a Maris 2023, Adum kuma a Maris 2025. Duk lokacin da haka ta faru sai manya su zo jaje, a yi alkawari, a raba kwano da siminti, a sake kafa rumfunan katako yadda suke da. An ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu dai namu gemun har yanzu a bushe yake.

Halin Nima da Maamobi kuma ya fi na waɗancan wuraren tsanani ta fuska ɗaya. Duk wanda ya sauka daga babban titin Nima ya shiga ciki ya san lungunanmu: wani wurin mutum biyu ba sa jerawa, wani wurin sai ka tsallake kwata, ga wayoyin lantarki sun yi saƙar gizo-gizo a sama, gida ɗaya iyali da yawa, mita ɗaya jone barkatai. Ga masu waakye da koko da tuwo suna girki da manyan tukwanen gas da gawayi a bakin ƙofa tun kafin Asuba. Ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, ko babur sai ya yi da gaske. Ka kira 192 ko 112, 'yan kwana-kwana su taso da gaggawa, motarsu za ta tsaya a bakin titi ne, sauran tafiyar sai a ja tiyo da hannu. Kafin ruwa ya iso cikin lungu, mintunan farko sun wuce, su ne kuwa mintunan da ake iya kashe wuta tun tana ƙarama. A waɗannan mintuna babu abin da muke da shi sai abin da ke rataye a bango, da ƙararrawar da za ta tashe mu, da ƙofar da za ta buɗu. Saboda haka ɗan kwangilar da ya sa mana waɗannan kaya, rayuwar yara ce muka danƙa masa, ko mun sani ko ba mu sani ba.

To, me doka ta ce? Gana tana da dokar sayen kayan gwamnati ta 2003, mai lamba 663, wadda aka yi wa gyara a 2016. Ƙa'idarta ita ce gasa: a yi shela, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe a rana ɗaya a gaban masu nema, a karanta da ƙarfi. In aikin ƙarami ne, a nemi farashi daga aƙalla mutum uku. Ba da aiki ga mutum ɗaya kai tsaye sai da dalili, kuma sai da amincewar hukumar da ke kula da sayayyar gwamnati. Dokar ta hana a yanyanka babban aiki gunduwa-gunduwa don a kauce wa gasa. Wannan doka ta hau kan majalisar Ayawaso ta Gabas da ke riƙe da Nima, da ta Ayawaso ta Arewa da ke riƙe da Maamobi, waɗanda aka kafa a 2018, ta kuma hau kan Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017, domin duk kuɗin jama'a suke taɓawa. Kwamitin masallaci da ƙungiyar 'yan kasuwa ba sa ƙarƙashinta, gaskiya ne. Amma kuɗin da aka tara a faranti ranar Juma'a, da na adashin matan kasuwa, ni ban ga inda suka kasa na gwamnati nauyin amana ba. Sun ma fi, don wadda ta jefa sidi biyar ɗin nan wataƙila kuɗin cefanenta ne.

Ba na ruɗin kaina cewa takarda kaɗai na hana cuwa-cuwa. A Agusta 2019 ɗan jarida Manasseh Azure Awuni ya fitar da binciken da ya nuna yadda ake cinikin kwangilolin gwamnati, kuma zargin ya faɗa kan shugaban hukumar da aka kafa don tsaron gasar ita kanta. Shugaba Akufo-Addo ya dakatar da shi, daga baya a 2020 ya sallame shi bayan rahoton hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. In mai gadin ƙofa zai iya haka, takardu uku masu rubutu iri ɗaya a kwamitin unguwa ai ƙaramin alhaki ne. Darasin da na ɗauka shi ne, gasar da aka yi a ɗaki a rufe sunanta kawai gasa. Abin da ke ba ta rai shi ne idon mutane.

Akwai kuma wani rami a ɗaya gefen, wanda masu son gyara ke yawan faɗawa. Da an ce gasa, sai a ɗauka wanda ya fi araha shi ya ci. A harkar gobara wannan lissafi kisa yake yi. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ce a nan ba ta ceto. A Yuni 2017 wani bene mai hawa 24 da ake kira Grenfell ya ƙone a Landan, mutum 72 suka mutu. Binciken da aka kammala a 2024 ya nuna rufin da aka lulluɓe bangon waje da shi ne ya yaɗa wutar, an kuma zaɓe shi a madadin wani mai tsada don a rage kusan fam dubu 300. A Ingila ke nan, inda takarda da sa hannu ba su ƙaranta ba. Ita kanta dokarmu ba ta ce a ba mafi araha ido rufe ba. Mafi araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa take nufi. To in ba a rubuta sharuɗɗan ba fa? Sai ka ga wani ya kawo farashin tukwane sababbi masu kilo tara da alkawarin dubawa, wani ya kawo na tsofaffi masu kilo shida da aka sake wa fenti, kwamiti ya jera lambobi biyu ya zaɓi ƙarama, yana murna ya yi tattali.

Shi ya sa na ce aikin farko ba na ɗan kwangila ba ne. Kafin a kira kowa, a je ofishin hukumar kwana-kwana ta ƙasa a nemi jami'insu ya zo ya zaga ginin. Aikinsu ne. Dokar 1997 da ta sake tsara hukumar ta ɗora musu rigakafi tare da kashewa, ƙa'idojin 2003 kuma sun wajabta wa wuraren taruwar jama'a mallakar takardar shaidar kariya daga gobara, wadda ake sabuntawa duk shekara. Mu tambayi kanmu, makarantu nawa a lungunanmu ke da ita? Jami'in nan shi zai ce ga inda haɗarin yake, ga irin kayan da ake bukata, ga adadinsu. Domin ba duk jar tukunya ce ɗaya ba. Mai ruwa tana kashe wutar katako da takarda da tufafi, amma ka watsa ta a kan wutar lantarki ka jawo wa kanka ajali, ka watsa ta a kaskon mai mai tafasa wutar ta yi tsalle ta kama rufi. Mai hoda tana aiki a wurare da dama. Mai iskar kabon ita ta dace da wajen mita da na'urori, ita kuma ba ta da allura, sai an ɗora ta a sikeli ake sanin ko ta rage. Madafar mai abinci tana son bargon kashe wuta a kusa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya, don haka ajiye tukunyarsa a ƙuryar ɗaki marar iska ganganci ne. Wannan ilimi ba a kwamiti yake ba, kuma bai kamata mai sayarwa ya zama shi ne mai faɗa mana abin da za mu saya ba. Wa ya taɓa tambayar mahauci ko yau ya kamata a ci nama?

Abin da jami'in ya faɗa shi za a rubuta a takarda ɗaya, a ba duk mai nema kwafi iri ɗaya. A ciki kuwa, ni abin da na fi damuwa da shi ba kayan ba ne, kulawar bayan sawa ce. Tukwanenmu huɗu ranar da aka kawo su wataƙila lafiyarsu lau. Abin da ya kashe su shi ne babu layi ko ɗaya a yarjejeniyar da ya ce wane zai dawo ya duba su, yaushe, a kan nawa. Ya sa, an biya shi duka, ya tafi. Don haka farashin da za a gwada ya haɗa da dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara na tsawon shekarun da aka amince, da sake cikawa, da canza batirin ƙararrawar hayaƙi, da takarda a jikin kowace tukunya mai kwanan wata da sa hannu. Ya haɗa da koya wa mutane amfani da su: ladan, malamai, mai gadi, magajiyar kasuwa da matan da ke girki, a fili, da wuta ta gaske a cikin rabin ganga, kowa ya zare fil ya matsa da hannunsa. Na sha ganin inda wuta ta tashi, tukunya na bango, jama'a na gudu da bokiti, don babu wanda ya taɓa riƙe ta. Kada kuma a biya kuɗi duka. A riƙe wani kaso sai jami'in kwana-kwana ya dawo ya gwada ya ce ya gamsu. Mai gaskiya ba ya jin tsoron wannan sharaɗi. Wanda ya fara ɓata rai da an ambace shi, ya riga ya ba ku amsa.

Sauran kuwa mai sauƙi ne. A yi shela a masallaci bayan Juma'a, a liƙa a allon sanarwa, a tura a zaurukan WhatsApp, a ba da mako biyu ko uku. Kowa ya kawo nasa a ambulan a rufe. A buɗe a farfajiya, a karanta da ƙarfi, a rubuta a allo. Duk ɗan kwamitin da ke da ɗa ko suruki ko abokin ciniki a cikin masu nema ya faɗa, ya fita a lokacin zaɓe. A tambayi kowane mai nema wurare biyu da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, a tura matasa biyu su je su leƙa allurar tukwanen can. Kuɗin trotro kawai zai ci.

Yanzu in koma ga maganar Baba, domin ba maganar banza ba ce, kuma ba zan yi kamar ban ji zafinta ba. Ɗan Zango ya daɗe yana ganin ana raba ayyuka a garin nan ana tsallake shi. Adireshinsa kaɗai ya isa a ajiye takardarsa a gefe. Dattijon da ya ce "in mu ba mu ba shi ba, wa zai ba shi" daga wannan tarihin yake magana. Amma ina ganin mun juya taimakon ne ta bayansa. Yaron da muka ba aiki ba tare da sharaɗi ba, mun koya masa cewa sanayya ce jarinsa. Gobe in ya je neman kwangilar banki ko asibiti, za a tambaye shi rajistar kamfani, shaidar biyan haraji, shaidar cewa hukumar kwana-kwana ta san shi, da jerin ayyukan da ya yi. Ba shi da ko ɗaya, don a gida ba a taɓa tambayarsa ba. In muna son namu su ci, mu taimaka musu su yi rajista, su sami horo, su shiga tsarin neman kwangila ta intanet da gwamnati ta buɗe a 2019, sannan su zo su kara da kowa a farfajiyar masallaci. In farashi da inganci sun zo daidai, a fifita na gida, a kuma faɗi haka tun a takardar shela, ba a ɓoye ba. Akwai ma hujja mai ƙarfi a nan: wanda shagonsa ke Nima ya fi saurin zuwa in an kira shi fiye da wanda ke Tema. Wannan fifiko ne da za a iya karewa a gaban kowa. Wanda ba za a iya karewa ba shi ne a tsaya gaban uwar da ta rasa ɗa a ce mata, ai mai aikin namu ne.

Kada a ce na yi nisa da misali. A Afrilu 2021 yara 20 suka ƙone a azuzuwan zana a Yamai. A Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, wasu fiye da 20 suka bi su, ƙananan yara 'yan aji na farko. Namu azuzuwan na bulo ne, amma bulo mai ƙofa ɗaya da tagar ƙarfe bai fi zana tausayi ba in hayaƙi ya cika matakala. Wannan ma wani abu ne da ɗan kwangilar kirki zai faɗa muku ko da ba zai ci riba a kai ba: kuɗin buɗe ƙofa ta biyu, da sa wa ƙarfen taga ɗaya maɓalli da ake buɗewa daga ciki, da kiran ƙwararren mai lantarki ya sake wayoyin, wani lokaci sun fi tukwane goma amfani.

Ga majalisun Ayawaso biyu da Asusun Raya Zango, abin da nake nema bai wuce abin da doka ta riga ta ɗora musu ba. Duk kwangilar da ta shafi kariya daga gobara a kasuwa, makaranta ko asibitin unguwa, a liƙa sunan wanda ya ci, da nawa, da abin da zai yi, da sunayen waɗanda suka nema suka faɗi. A sa famfunan kwana-kwana a cikin lissafin duk wani aikin titi da kwata, a kuma hana kafa kes a kansu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wasiƙa ya nemi waɗannan takardu. Matasanmu da ke zaman ataya suna muhawarar siyasa har tsakar dare, cikinsu akwai masu digiri. Wasiƙa ɗaya daga kowace majalisar ataya za ta sa wakilin unguwa ya san ana kallo.

Mu kuma a masallacinmu, na koma wurin Baba da tukunyar nan mai daskararriyar hoda a hannuna, na ce ya ɗaga ya ji. Ya ɗaga, ya juya ta, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce a sa maganar a taron wata mai zuwa, a kuma gayyaci yaron ya zo ya nema tare da sauran. Wayar da aka ɗaure ta huɗu da ita dai na riga na kwance, kuma sakatare ya ɗauki wasiƙar neman jami'in kwana-kwana zai kai ranar Litinin, kafin hunturu ya shigo.